Sun Yarda Ke Matata Ce

Zuwa ga Maribel, sanyin idona, inuwata a tsakiyar hamada, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasar garinmu Las Cruces,

Takardar ta iso yau da hantsi. A tsaye na fara karanta ta, a zaune kan matakala na ƙarasa. Sun yarda, Maribel! Ofishin tsofaffin sojoji ya rubuta baro-baro cewa ke matata ce, za a ba ki katin asibiti kamar kowace matar soja.

Na zaci zan yi tsalle. Ko murmushi ban iya ba. Na gaji, masoyiyata, gajiyar da ta ratsa ƙashi. Shekara ashirin da shida muna tare, biyar da ɗaurin aurenmu, sai yanzu da furfura ta cinye kaina, huhunki ya raunana? Ina suke lokacin da kike tari har ki durƙusa, ni ina yawon ofis-ofis ana cewa ba a san da zamanki ba?

Kin tuna ranar da muka dawo daga yaƙin Iraƙi? Matan abokan aikina suka ruga suna rungumar mazansu, ke kuwa kina bayan shingen waya, riƙe da burodin masara cikin tawul. Kyaftin ya tambaye ni ko ke wace ce, na ce 'yar kawuna ce, don a lokacin in aka gano mace 'yar'uwata nake so, korata za a yi daga soja. Kika gaishe shi da fara'a. Sai a mota kika ce, “To, 'yar kawu, ci kafin ya huce.” Ba ki taɓa goranta mini ba. Wace irin zuciya aka ba ki, furen da ke tohowa a tsagin dutse?

Ki dawo gida, don Allah. Yayarki ta yi jinyarki iya ƙoƙarinta a El Paso, amma gidan nan ya yi mini faɗi. An fara gasa barkono a bakin titi, ƙamshin na shigowa, ba wanda zan ce wa ya shaƙa. Jibi zan zo ɗaukarki, Litinin mu ga likitan huhu.

Takardar tasu tana da shafi na biyu. Sun ce kina da wuri a gefena a maƙabartar sojoji. Wannan kam kada ki yi gaggawar karɓa. Ni ce soja, ni zan shiga gaba in duba miki hanya.

Taki, a gajiye amma ba ja da baya, har numfashina na ƙarshe,

Odessa