Ɗacin Gindin Fulas

Kafin Dafga, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa Rogo Ruma lafiya, ke da maigidanki Ɗantala da yara. Allah ya saka da alheri da zuwa sadakar arba'in, da wainar da kika yi ta toyawa har hayaƙi ya rine miki ido.

Na rubuto ne saboda waya ba ta da sirri a gidan nan. In na ɗaga, maigidana Malam Audu yana jiyo ni daga zaure. Shitu direba zai miƙa miki wannan. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji shida na tsaya.

Kin tafi kina fushi don na ƙi amsa gaisuwar ɗanki Badaru. Gaskiya ne. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?" na kawar da kai. Ba laifinsa ba ne. Da safen ranar na leƙa tsakar gida na gan shi ya tuɓe riga yana yi mana faskare, sai na ga tabon bulalar bara a gadon bayansa, ta lokacin da aka kama shi da kwalbar giya, alƙali ya sa aka zane shi a gaban jama'a. Na tsaya ina kallon tabon nan kamar mai kallon sabon zane a jikin wata. Na ce a raina, ina ma nawa ne yake tsaye a nan da wannan tabon.

Nawa kowa yabonsa yake yi. Duk wadda ta shigo ta'aziyya sai ta ce yaro mai natsuwa, ba sigari, ba yawon banza, aikin mutum biyu yake yi a gona. Yabo ya cika min ɗaki, shi kuma yana cikin ƙasa. Naki an zage shi, an nuna shi da baki, ga shi yana faskare yana neman ƙarin waina.

Kuma ke kina kiran Badaru da sunansa, kina jan kunnensa, tunda shi ne na uku. Ni nawa ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ba. Har ranar da aka fita da shi mata suna kallona su ga ko zan yi abin kunya in fashe da kuka. Ban yi ba.

Ki ba Badaru haƙuri. Ki gaida Ɗantala.

Yayarki, Hajo

*

Rogo Ruma, ranar Laraba

Yaya Hajo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna yi muku fatan haka. Allah ya jiƙan Mu'az, ya sa kabarinsa ya zama dausayi, ya ba ki dangana.

Wasiƙarki ta sa ni kuka, ta kuma sa ni dariya. Tabo kike sha'awa? To zo ki kwashe, amma ki haɗa da surutun. Ke ba ki san abin da na gani ba. Ko injin niƙa na kasa zuwa. Ranar da na daure na fita, Ummu Hani maƙwabciyata ta tare ni tana shinshina iska, ta ce, "Ikilima, yau me aka dama a gidanku, kunu ne ko na manya?" Mata suka kwashe da dariya. Na dawo da dawata ba a niƙa ba.

Amma yanzu alhamdu lillahi. Bulalar nan magani ce, Allah ya saka wa alƙalin da alheri. Badaru ya shiryu. Ya daina tsallaka iyakar jiha zuwa gidan da suke sha. Kullum in ya dawo sai na ce ya hura min bakinsa, ba na jin komai. Yana aikin rake a fadama wajen masu mazarƙwaila, har inji suke ce masa, masu gona rububinsa suke yi. Ko karyawa ba ya tsayawa yi. In na cika masa fulas da shayi, shi ke nan, sai magariba. Na ce masa, "Kai, tuwon nawa ne ya yi maka laifi?" Ya ce, "Umma, ƙarfin tuba ne." Kin ji ɗan nema! Fulas ɗin ma shi yake wanke abinsa, yaron da ko kwanon da ya ci abinci ba ya iya ɗagawa.

Ga albishir. Mahaifin Nuriyya, wanda bara ya ce ko shi kaɗai ya rage a duniya ba zai ba mashayi 'yarsa ba, da kansa ya aiko. An sa rana bayan an gama kaka. Ke ce uwar biki, kada ki ce min a'a.

Sai wata magana, ki gafarce ni in ta yi miki nauyi. Ɗakin da Badaru ya gina saura rufi. Na ga kwanon rufin da Mu'az ya saya don ɗakin amaryarsa yana jingine a bayan rumbunku, zai yi tsatsa a banza. Ko za ki yi wa Malam Audu magana? Ai duk ɗa ɗaya ne.

Taki har kullum, Ikilima

*

Kafin Dafga, ranar Asabar

Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Allah ya sanya alheri a maganar aure.

Da na karanta zancen kwano sai da na zagaya bayan rumbu na zauna kusa da shi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Zancen fulas ne.

An gaya muku farfaɗiya ce ta kayar da yaron a gonar gyaɗa. Haka Malam ya ce a faɗa. A gidanmu wa ya taɓa yin farfaɗiya? Da aka kai shi asibiti a Karaye, wani ma'aikaci ya ja mu gefe ya tambaya ko yana shan ƙwaya. Malam ya ce subhanallahi. Abokan aikinsa da suka ɗauko shi suka sunkuyar da kai. Ashe tiramol yake narkawa a cikin shayi don kada ya ji gajiya. Ya fara da kaɗan, jiki ya saba, ya yi ta ƙarawa. Ni nake dafa shayin, Ikilima. Ni nake cika fulas ɗin in ajiye a bakin ƙofa, tunda ba na miƙa masa hannu da hannu.

Shi ma ya daina karyawa. Shi ma masu gona suna rububinsa, kuma sun san dalili, sun fi son irinsu don sun fi saurin gama aiki. Shi ma ya hana a wanke masa fulas. Yana yawan susa, yana gumi ko da sanyin safiya, abu kaɗan ya harzuƙa shi. Bayan rasuwarsa na buɗe fulas ɗin zan wanke, na ga wani fari-fari a gindinsa. Na taɓa a harshena. Ɗacin nan har yau bai bar bakina ba.

Ranar sadaka na ga Badaru yana susar wuya. Ban kawo komai ba sai da wasiƙarki ta zo.

Kina sa shi ya hura miki baki. Ƙwayar nan ba ta da wari. Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Giya tana da wari, tana da kwalba, tana sa tangaɗi, kowa ya gani ya yi ihu. Muna ji a rediyo an tara kwalabe an bi ta kansu da mota, muna cewa madalla. Ita kuwa ƙwayar, mutum ne yake yawo da ita a tire ranar kasuwa tare da maganin ciwon kai, yana cewa, "Akwai na gajiya, akwai na ƙarfi." Mai shan ɗaya a zane shi, mai shan ɗaya a ba shi mata. Wallahi da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi nawa ya riƙa shigowa yana warin giya, gari ya yi ta zagina, in dai zai shigo.

Gobe in ya dawo, ki ɗauke fulas ɗin kafin ya wanke. Ki ɗanɗana abin da ya rage a gindinsa.

Yayarki, Hajo

*

Rogo Ruma, ranar Talata

Hajo,

Salamu alaikum. Na ga saƙo.

Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba. Don na roƙi kwano? Ki riƙe abinki, ko da ciyawa ma sai mu rufe. Bara da ɗana yake cikin abin kunya kina ta lallashina, kina cewa Allah ya shirya. Yanzu da Allah ya shirya shi sai ya tsaya miki a wuya. Da bakinki kika ce kin kasa kallonsa. Wannan hassada ce, ba ta da wani suna.

Na karanta wa Ɗantala. Ya ce in tambaye ki, ke da kika yi Islamiyya, yaushe giya ta zama abin zaɓi? Ya ce ita ma ƙwayar ai hukuma ta hana, ana kama masu sayarwa. Ya ce in an sakar wa yaran nan giya ba barin ƙwaya za su yi ba, haɗawa za su yi. Ni kuma ina ƙara miki da nawa. Ke ba ki taɓa wanke aman mashayi ba. Ba ki ga ɗanki ya ɗaga wa ubansa hannu ba. Kin manta Kawu Abdulmutalib, yadda giya ta cinye masa gona da shanu da hanta, muna yara muna ɓuya in ya doso? Ita ma tana kashewa, a hankali take yi kawai. Hana ta da aka yi daidai ne, ko sau nawa za a tambaye ni.

Abin da ya sami Mu'az ya girgiza ni, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Amma kada ki ɗauki mutuwar ɗanki ki jingina wa nawa. Kin san in wannan magana ta kai kunnen mahaifin Nuriyya an fasa auren nan, kuma Badaru ba zai sake ɗaga kai a garin nan ba. Ba zan yi wa ɗana bincike kamar ɓarawo ba. Ya ce ya tuba, na yarda.

In da wannan bakin za ki zo biki, ki yi zamanki.

Ikilima

*

Kafin Dafga, ranar Juma'a

Ƙanwata Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba.

Kin ce hassada ce. E, akwai ta. Ina kishinki da safe in na tuna kina da wanda za ki dafa wa shayi. Ina kishinki in na tuna za a yi guɗa a gidanki, ni kuma ɗakin da yaron ya gina kaji ne suke kwana a ciki. Ina kishin zagin da Ummu Hani ta yi miki. Ina roƙon Allah ya cire min, bai cire ba tukuna. To amma ki tsaya ki yi tunani. In hassada ce kaɗai, ai shiru zan yi. In zuba ido, in jira ranar da za ki zo ki zauna a tabarma irin tawa, mu zama daidai. Na san wannan tunanin don ya zo min, na kore shi da a'uziyya.

Ki gaya wa Ɗantala ban ce a halatta giya ba. Ban manta da Kawu ba, ni nake goya ki mu gudu in ya shigo. Ni ba malama ba ce, ba kuma hukuma ba. Abin da na sani shi ne duk garin nan hancinsa yana kan abu ɗaya. An kama Badaru saboda wari, kamun nan ya ba ki shi a hannu kina kallo. Nawa babu wanda ya kama shi. Da an tsani ƙwayar kamar yadda aka tsani kwalbar, da wani ya yi masa ihu tun yana da sauran kwana a gaba.

Zancen aure kuwa, daga bakina ba mai ji. Ko Malam bai san na rubuta miki ba. In aure ya fasu ana sake wani. Ki zaɓi abin da za ki iya ɗauka.

Ke kina da abin da ban samu ba. Kina iya kiran sunansa, ki zaunar da shi, ki riƙe hannunsa, ki tambaye shi. Ni sai yanzu zan kira nawa, a takarda, inda ba zai ji ba. Mu'az. Mu'az ɗana.

Malam ya yarda da maganar kwano. Shitu ya ɗaure shi a saman mota, zai sauke muku tare da wannan wasiƙar. Ba sharaɗi a kai. Ko kin ɗanɗana ko ba ki ɗanɗana ba, na Badaru ne. Ina so dai ya kwana a ƙarƙashinsa har ya tsufa.

Yayarki, Hajo

*

Rogo Ruma, ranar Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Kwano ya iso.

Na ɗanɗana.

Fulas ɗin yana ƙarƙashin gadona. Yau ya nema bai gani ba, ya yi ta zagaye tsakar gida yana gumi, ya kasa fita gona. Yanzu yana zaune a ƙofar ɗakina, ya haɗa kai da gwiwa. Na kira sunansa ya ɗago, sai na rasa abin da ake cewa.

Na ce wa Shitu ya ajiye miki kujerar gaba. Ki zo a motar safe, don Allah.

Ƙanwarki, Ikilima