Ledar da Auta Bai Ɓare Ba

Ƙawata Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar lukutar tamu da har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya raya ta, ya shirya ta, ya kuma sa ta rama mini duk ƙiriniyar da kika yi mini kina ƙarama. Mu nan lafiya ƙalau. Gwiwata ta hagu ce dai take yi mini tsiwa in zan hau bene. Babanki kuwa, likita ya hana shi gishiri, yana bin doka a gaban mamanki, yana zuwa ɗakina ya karya ta. Kada ki ce ni na faɗa miki.

Za ki ce me ya kai tsohuwa ga biro da takarda alhali ga waya. To ai wayar ce ta jawo maganar. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya. Labarin kwamfutar ƙanenki Auta zan ba ki. Ke kin san shi ta cikin waya, ni kuma ta bakin ƙofa na san shi, kuma nawa ya fi naki cika.

Ranar da kwalayen suka iso, a falo ya baje su, a kan teburin cin abinci. Ya ce ba zai sayi haɗaɗɗiya ba, da hannunsa zai haɗa, don aikin DJ, wato sa kiɗa a wurin taro, yana son na'ura mai ƙarfi. Na zauna a kujerata ina kallo tun hantsi har azahar. Kin san halina da leda. Rimot ɗina shekara shida yana cikin tasa, kujerun falo ma sai da babanki ya yi da gaske kafin na bari aka yage musu. Tun kuna yara nake dukan hannunku in kun kai shi ga ledar sabon abu. To yaron nan ya yi ta ɓare leda yana jefarwa, ni kuma ina bi ina tsincewa, raina yana ɓaci. Can sai ya ɗauko wani ƙarfe mai fanka a jiki, wanda ya ce shi ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar. A gindinsa akwai 'yar leda siririya mai jan rubutu. Ya matsa wani irin mai, mai ruwan toka, a kan ƙwaƙwalwar, ya kifa ƙarfen a kai, ya ɗaure da sukuru huɗu, ledar na nan daram. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe tarbiyyata ba ta faɗi ƙasa banza ba, ya bar ko guda ɗaya.

Kwamfutar ta tashi, fitilu kala-kala kamar shagon aski. Ya sa manhajar kiɗan, ya jona mata abin nan mai faifai biyu da yake murzawa, gida ya ɗauka. Minti ashirin ba a yi ba kiɗan ya fara in'ina, sai ya maƙale a kan kalma ɗaya yana ta nanata ta, daga nan allon ya sandare, komai ya ɗauke ɗif. Ya kunna, ta sake. Ya kunna, ta sake. Ran nan ne ya kira ki.

Ƙawata, a nan zan faɗa miki abin da ke ci na. Ni da na goya ki, na yi jinyar ƙyandarki, na raka ki makaranta kina kuka kina riƙe mini zane, a wata sau ɗaya nake jin muryarki, shi ma minti uku, rabinsa kina cewa Kaka ana jira na. Amma akwatin ƙarfe da bai yi sati a duniya ba, kullum bayan la'asar kina kan layi saboda shi, awa ɗaya, awa biyu. Ina aka samo lokacin? Ashe akwai shi a ajiye, ni ce ban iya sandarewa ba. Ina ji kina tambayar lafiyarta dalla-dalla. Yaushe ta fara, wane ƙara take yi, me ta nuna kafin ta ɗauke. Ni gwiwata shekara biyu tana ƙara, ba wanda ya ce in kara masa waya ya saurara. Sai za ki ajiye sannan ki ce a gaida Kaka, kamar wadda ta tuna ta bar famfo a buɗe.

Duk da haka sai na jawo kujerata bakin ƙofarsa, na ce iska ta fi kaɗawa a wurin. Yana sa ki a lasifika don hannunsa ya samu aiki, ni kuma ina shan muryarki kyauta. Na ji kin sa ya goge manhajar ya sake sakawa. Na ji kin sa ya zare dogayen katunan nan biyu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kun canza kebul, kun canza ramin da ake jona faifan, kun sabunta abubuwan da ban san sunansu ba. A tsakani ina jin 'yar lukuta tana gwaranci, ina jin kina yi mata tsawa da irin muryar mamanki sak. Rabona da in san yadda gidanki yake da yamma tun da kika tafi.

Rana ta biyar kika sa ya duba zafinta. Da ya karanta miki lambar sai da kika yi salati. Kika tambaye shi ko ya cire ledar da ke gindin ƙarfen sanyayawa. Ya ce haba Yaya, shi za a yi wa wannan tambayar, ai duk wata leda ya ɓare. Kika ce ya kwance ya duba dai. Ya ce man nan mai ruwan toka ya ƙare, in ya kwance ba abin da zai shafa, kuma shi ya tabbata. Sai kika yarda, kika ce to ƙila ƙarfen ne ya zo da matsala daga kamfani, a nemi wani.

Ina zaune a wurin, ƙawata. Na ji tambayar, na san amsar. Baki na buɗe, sai na rufe. Na ce a raina, in na faɗa yau, gobe da la'asar wa zai kira? Allah ya yafe mini, kwana shida na yi ina riƙe da maganar nan kamar alawa a kunci.

Ban ci riba duka ba, don kada ki ce ban sha hukunci ba. Kin ba shi shawara ya buɗe murfin gefe ya sa mata iska kafin sabon ƙarfen ya iso. Wace fanka ya ɗauka? Tawa, ta tsaye, wadda ke gefen gadona. Ina barcin rana ina gumi, ita tana shan iska. Shi kuma da kullum in ya dawo yake zama a ɗakina mu sha shayi ya ba ni labarin 'yan matan da suka ƙi shi, sai ya koma wucewa da sallama a tsaye. Na ce masa ko ni ma in sa fitila a goshi ne a kula ni. Dariya ma bai yi ba.

Abin da ya karya ni shi ne aikin ranar Asabar. Kin san mai babban ɗakin taron nan ya ce zai gwada shi a walimar yaye ɗalibai, in ya yi kyau ya riƙe shi duk shekara. Shekara uku yana ɗaukar wa wasu lasifika yana jiran irin wannan dama. Ran Alhamis da safe mai shagon kayan kwamfuta ya ce sabon ƙarfen sai sati mai zuwa. Auta ya sake gwadawa da fankata a kanta, ta kai rabin awa, ta maƙale. Na leƙa na gan shi zaune a ƙasa ya jingina da gado, abin karin da na kai masa ko taɓawa bai yi ba. Ya ce mini zai kira mai ɗakin taron ya ce a ba abokinsa aikin, gara haka da kiɗa ya ɗauke masa a gaban mutane ɗari uku. Har ya fara lalubo lambar.

Sai na ce ya ajiye wayar. Na ce masa ni ban san kwamfuta ba amma na san leda, kuma akwai guda mai jan rubutu da ba ta shigo hannuna ba. Ya kalle ni kamar na yi magana da wani yare. Ya ce Kaka kin tabbata. Na ce ya je ɗakina ya ƙirga waɗanda na adana in yana musu. Ya fita da gudu wurin mai gyaran waya na bakin titi ya samo man, ya dawo ya kwance sukuru huɗun nan. Ga ta nan, ta yamutse, ta yi dama-dama da mai. Ya daɗe yana kallonta. Da ya tambaye ni tun yaushe na sani, sai na ce gwiwata na ciwo, na tafi na kwanta.

Da ya ɓare ledar ya mayar da ƙarfen, ran nan awa biyar kwamfutar tana kiɗa ba ta ko yi tari ba. Ran Asabar ya yi aikinsa, mai ɗakin taron ya riƙe shi, alhamdulillahi. Fankata ta dawo gida. Amma ina ji da kunnena ya kira ki ya ce miki wai shi ne ya zauna ya yi tunani ya gano. Ke kuma kika ce masa ya yi ƙoƙari, kina alfahari da shi. Tunanin me? To ga ledar nan na goge ta na sa miki a cikin ambulan, abokin aikin maigidanki da zai taho zai kawo miki. Ki ajiye ta shaida, ki san waye injiniya a gidan nan.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa na ga ya fara tumbi a hoto, girkinki ne ko zama. Ki sumbaci 'yar lukuta. Babanki da mamanki suna gaishe ku, da gwaggonki tela, da maƙwabciyarmu mai kanti da kullum take tambaya ko kin manta hanya. Auta ma yana gaisuwa, ko da yake bai san me na rubuta ba.

Saura magana ɗaya, ta aiki ce, tunda ita kike amsawa. Wayata ta lalace. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tun da kwamfutar ta warke, ko sau ɗaya ba ta yi ƙara da sunanki ba. Akwai caji, akwai kati, Auta ya duba ya ce lafiyarta lau. Jiya na zauna na ɓare ledar da ke fuskarta da hannuna, abin da ban taɓa yi wa wani abu nawa ba, ko ita ce ta toshe. Har yanzu shiru. Ki gwada ta daga can ran Juma'a bayan la'asar mu gani. Irin wannan matsalar na ji kin ce ba a gane ta a minti uku.

Taki har kullum,
Kakarki, mai ajiyar leda