Muryar Baba a Shafin Tajaye

Yaya Mansura,

Gaisuwa daga Dakar. Ya jikin Inna, ya yara, ya damina? Ni lafiya lau, sai dai aiki.

Kin san shafin da na buɗe wa garinmu a intanet, inda na sa muryar marigayi Baba yana ba da tarihin Tajaye. Na ba Kawu Yakuba lambar sirrin manhajar shafin, na ce masa ta kowa ce, kamar rijiyar gari. Shi kuwa ya raba ta a fada. Wani ya latsa abin da bai sani ba, komai ya goge.

Kada ki ga laifinsa. Ni ne ban ajiye kwafi ba, kullum sai in ce gobe.

Abokan da muke gina manhajar tare 'yan sa-kai ne, ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kwana uku suna nema. Jiya wata daga Brazil ta rubuto: "Yi haƙuri, ɗan'uwa, babu."

Don Allah ki duba tsohuwar wayar Inna da muka ɗauki muryar Baba da ita, ko minti ɗaya ya rage. Kada ki faɗa mata dalili. Tana jiran in zo da salla in kunna mata.

Ƙaninki,
Alkasum