Ni na ɗaura metal ɗin bas ɗin Alhaji Sale, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifinsa. Na san inda kake takarda ba ta zuwa. Na rubuta ne a inda mutanen Makoda za su gani, don maganar ta shafe su kamar yadda ta shafe ka.

Ina nan a garejin da ka sani a ƙasar Larabawa, shekara ta tara ke nan. Har yanzu injinan motocin tsere nake haɗa wa 'ya'yan masu hali, su je su ƙona su a rairayi, su dawo mana da su suna dariya. Bayana ya fara ciwo. Maigidan har yau bai iya faɗin sunana daidai ba, amma ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya koya min awo.

Kai ka fara nuna min metal, ɓawon ƙarfen nan da karanshaf, sandar tsakiyar injin, yake juyawa a cikinsa. Ka ce tsakaninsu akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashi ba, a nan baƙin mai yake kwanciya. In ta matse ƙarfe ya ci ƙarfe, in ta buɗe man ya gudu. Kai da hannu kake jin ta. Ka ɗaure, ka juya, ka rufe ido, ka kwance ka duba inda ya goga. Mu a nan wani zaren roba muke shimfiɗawa, mu ɗaure, mu kwance, mu auna faɗin da ya baje. Motar tsere mukan sakar mata tazarar kaɗan saboda zafi da gudu, sai mu sa mata famfon mai mai ƙarfi da zai cike gurbin.

Hutun da na zo bayan an cire gyaɗa, na tarar ka sauke injin bas ɗin Alhaji Sale a gindin darbejiyar garejinka. Na ɗauko akwatin awona. Direbobi suka taru ganin ɗan Malam Idi da ya dawo daga waje. A gabansu na ce zamanin shafa ƙarfe da yatsa ya wuce, ido ma in ya tsufa sai a ba shi hutu. Aka yi dariya. Kai ma ka murmusa, ka matsa ka ba ni benci.

Abu ɗaya ka faɗa, a hankali yadda ba wanda zai ji: "Habu, famfon man motar nan ya tsufa, kar ka sakar mata." Na ji ka sarai. Na kai karanshaf ɗin Kano aka goge shi daidai awon da na bayar, na ɗaura metal da hannuna. Awon bai yi kuskure ba, Baba. Na wata mota ne dai, ba na tsohuwar bas mai gajiyayyen famfo ba.

Kwana huɗu da tafiyata injin ya buga a hanyar Tsanyawa, ranar kasuwa, motar cike da gyaɗar mutane. Ƙanwata Ladi ce ta gaya min a waya. Ta ce Alhaji Sale ya zo har gareji yana faɗa, direbobi suka yanke cewa kayan awon waje ba sa ƙarya, kai ne ka sake taɓa injin bayan na tafi. Suka ce idonka ya tafi, ai ɗanka ma ya faɗa. Kai kuma ba ka ce komai ba sai: "A garejina aka yi aikin."

Waya tana hannuna, Baba. Kira ɗaya ya isa. Na ce sai gobe, don daɗin da nake ji in an ce da ni injiniya a garinmu, alhali a nan ko sannu ba a yi min. Goben ta zama shekara uku.

Motoci suka daina zuwa. Ka koma gyaran injin ban-ruwa da facin tayar babur. Duk Juma'a muna waya, ka tambayi lafiyata da aikina, ba ka taɓa ambatar bas ɗin ba. Da ka zage ni da na fi samun sauƙi.

Na daɗe ina jin haushin direbobin nan. Wasunsu tun suna kwandasta kake gyara motocin iyayen gidansu, rana ɗaya suka watse. Amma in zan faɗi gaskiya, maganata suka bi. Bara da ka rasu, ɗayansu ya kira ni ta'aziyya, ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya yi aiki kafin ido ya gaza. Na ce amin.

To mutanen Makoda su ji. Idon Malam Idi ƙalau yake, bai sake taɓa injin nan ba, ya gargaɗe ni na ƙi ji.

Yau da hantsi na kira Alhaji Sale na gaya masa duka. Ya ce shi ya yafe motarsa tun tuni, amma me ya hana ni faɗa kana da rai?

Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya saka maka da rufin asirin da ka yi wa wanda bai cancanta ba. Ni kuma Allah ya sa ka riga ka yafe min kafin ka tafi.

Ɗanka,
Habu