Kwanon da Aka Ware wa Garzali

Wudil, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Uwani da yara, da fatan ruwan Fatakwal yana barinku ku fita. Mu nan lafiya lau. Inna tana fama da gwiwarta, amma ka san ta, kullum tana bayan awakinta. Gero ya tsiro a gonar Achika, Allah ya ba mu damina mai albarka. Na rubuto ne saboda kai a waya kullum kana sauri, maganar nan kuwa ba ta tsaye ba ce.

Maganar ƙaninmu Garzali ce. Ka tuna da ƙaramar Sallah ka ga hannuwansa sun yi baƙi sun tsattsage, ka ce a ware masa kwano da kofi kada yara su ɗauka? Maganar babban wa ce, kowa ya bi. Na san tsoro ne ya sa ka, ba ƙi ba. To amma Yaya, ka san ciyayyar ƙofar gidanmu, bayan magariba kowa ya fito da tuwonsa, maza su kewaye su sa hannu. Sai Garzali ya koma gefen tabarma shi kaɗai, da kwanonsa da cokali, kamar baƙo. Daga nan ya daina fitowa. Masu sayen kifinsa a bakin gada suka fara kallon hannunsa suna wucewa, ya tattara tebur ya dawo gida. Masallaci ma sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya sulale, don kada ya miƙa hannu a ƙi karɓa.

Mu kuwa muna ta bin fata, yau sabulun salo, gobe man darbejiya, ba wanda ya duba mai fatar. Garzalin da ke tsokanar Inna har ta bi shi da muciya ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Sai da matarsa Zahra'u ta same ni tana hawaye, ta ce ba ya barci, susa yake har jini, kuma ya ce mata da ma Allah ya ɗauke shi kowa ya huta.

Na tasa shi gaba zuwa asibiti a Kano. Likitar ta ce kirci ne, ba a ɗaukarsa ta hannu ko ta kwano, kuma ruwan wankin kifi da omo ne ke tayar masa da shi. Ta ce damuwa tana ƙara ƙaiƙayin, ƙaiƙayin ya hana barci, rashin barcin ya ƙara damuwa, don haka sai an yi maganin duka biyun. Ta ba shi man shafawa, ta kuma haɗa shi da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Nan ya tubure wai shi ba mahaukaci ba ne, na ce masa to ya ɗauka ni ce mahaukaciyar, ya raka ni kawai. Haka muka shiga.

Na gaya wa Kawu Yahuza abin da likitar ta ce. Da magariba ya aika aka kira Garzali, ya jawo kwanon nan da aka ware, ya ture cokalin gefe, ya sa hannu, har yana cewa miyar Zahra'u ta fi ta gidansa daɗi. Garzali yana kai lomar farko baki ya fashe da kuka. Yanzu fatar ta fara laushi, yana samun barci, sai dai bai koma bakin gada ba tukuna.

Shekaranjiya ya tambaye ni ko za ka zo babbar Sallah. Da na ce e, sai ya ce ranar da za ka tafi ya miƙa maka hannu, kai kuma ka dafa ƙirjinka. Ban san ko ka tuna ba, shi dai bai manta ba. Don Allah Yaya, kada ka wahalar da kanka da tsaraba. In ka sauka daga mota, ka ba shi hannu a gaban kowa, kada ka yi saurin saki.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu da Zahra'u. A shafa mini kan Muhsin da Barakatu. Garzali ma ya ce in gaishe ka, kuma shi ya riga kowa faɗa.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a,
Sharifa.