Ƙwan Maccido

Litinin, 4 ga Maris, 1957
Maccido ya dawo Wurno. Ƙanena, wanda ya gudu ya bar allo ya bi motar albasa. Ya zo da tsohon batir na mota da ɗan ƙwan fitilar gabanta, ya ajiye a zauren Baba. Da magariba ya ɗora waya ɗaya a gefen ƙwan, ɗaya a gindinsa, zaure ya yi fari fat. Unguwa ta cika mana ƙofa. Ni da na shekara tara ina ƙera aci-bal-bal, ina liƙe butocin garin nan da dalma, ban taɓa tara mutum uku ba.

Talata, 5 ga Maris
Shekara uku Baba bai ga rubutu ba bayan faɗuwar rana. Ni ke kunna masa fitila, ni ke karanta masa littafin tafsirin da ya kwafa da hannunsa. Yau ya karɓe takardun daga cinyata ya karanta shafi biyu da kansa. Ya ce, "Mode, ka huta. Bana ni za ni karanta abina ga azumi." Na ce to. Tuwo bai shiga ba.

Lahadi, 10 ga Maris
Ƙwan ba shi da mazauni, mazauninsa yana jikin mota. Sai Maccido ya tsuguna ya danne wayoyin da yatsu har Baba ya gama. In ya motsa, duhu. Ya tsuguna daidai inda nake zama, kan buzuna.

Laraba, 13 ga Maris
Ya ɗaure wayar da jiƙaƙƙiyar fata, yadda ake wa ƙotar wuƙa. Zafi ya busar da ita ta zame. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Juma'a, 15 ga Maris
Na ɗauki ƙwan na duba da ba kowa. A gindinsa akwai ɗigon dalma, irin tawa sak. In aka goge bakin waya aka ɗosana masa ƙarfe mai zafi, an gama, ko kaza ta yi tsalle a kai ba zai saki ba. Na mayar da shi inda yake.
Habi matata ta ce, "Mi ka hana ka taimaka mai?" Na ce wanda ya san mota ai ya fi mai liƙin buta sani. Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar, 23 ga Maris
Inno, uwarmu, ta aika wa Maccido fura da nono a sabuwar ƙwarya. Tawa ta zo a tsohon kwanon da na liƙe mata bara.

Laraba, 27 ga Maris
Yau abin ya ɓaci. Maccido ya liƙe wayoyin da kakin zuma, ya rataye ƙwan bisa kan Baba, yana ta murna hannunsa ya huta. Ina tsaye bakin ƙofa, na san abin da kaki ke yi in ya ji zafi. Na ƙyale shi. Kakin ya narke ya ɗiga kan takarda, ya cinye layi uku na rubutun da Baba ya yi tun kafin a haife ni. Baba bai yi faɗa ba. Ya shafa wurin da yatsa ya rufe littafin, ya ce a kashe.
Na ga yatsun Maccido da ya miƙa hannu. Duk bororon ƙuna, wani kan wani. Ashe mako uku haka yake riƙewa.

Juma'a, 29 ga Maris
Ya bi mota zuwa Rabah da Goronyo ɗaukar albasa, ya tafi da batir don ya sha wuta a jikin motar a hanya. Na kunna aci-bal-bal na zauna kan buzuna na yi karatu. Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Baba yana saurare, idonsa na kan ƙusar da aka rataye ƙwan. Sau biyu na yi kuskure bai gyara mini ba.

Lahadi, 31 ga Maris
Maccido ya dawo da batir. Ya ce shi ba ya sake taɓa ƙwan, ya ji kunya. Ana ta duban wata.

Talata, 2 ga Afrilu
Azumi. Da la'asar ina da sauran wuta a murhu bayan na gama butar liman, kuma dalmar ta riga ta narke, zubarwa asara ce. Shi ke nan dalili. Na liƙe wayoyin biyu, na lanƙwasa masa ɗan hular gwangwani don hasken ya sauka kan takarda, na rataye na fita.
Bayan an sha ruwa Baba ya karanta shafi bakwai, haske bai ko girgiza ba. Mutane suna ta sa wa Maccido albarka, shi kuwa yana ta kallona. Da aka watse Baba ya bari ƙwan ya huce, ya lalubi gindinsa da yatsa, ya daɗe.
Ya ce, "Wanga liƙi na san shi. Irin na butata na." Sai ya ce in ɗauko tawada gobe, layi ukun nan ni na hardace su, ni zan mayar.
Na kai wa Maccido man kaɗe ya shafa a yatsunsa. Man yana nan cikin ɗaki ba mai amfani da shi, shi ya sa.