Rancen da Alhaji Kure Bai Taɓa Ba

Garki, Abuja
18 ga Nuwamba, 1991

Zuwa ga Maman Ikrama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya tarin Mufida, ya yi sauƙi? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Maganar gida tana nan. Banki ya yi alkawarin ba ni ɗaki biyu da falo a Eriya 2 bayan sabuwar shekara, amma kin san alkawarin ofis. Gari ya cika da manyan motoci ɗauke da tebura da fayilolin ma'aikatu. An ce watan gobe gwamnati za ta taso daga Legas gaba ɗaya.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kin tuna Alhaji Kure, Bakatsinen nan mai sayar da katifu a kasuwar Garki, wanda ya sauke ni a gidansa lokacin da ban san kowa ba a nan? Bara ni na lallashe shi ya buɗe ƙofar rance a wurinmu. Tsarin shi ne banki ya ware maka wani adadi, ka ɗiba ranar da ka buƙata, kuɗin ruwa kuma sai a kan abin da ka ɗiba. Ya daɗe yana jan ƙafa saboda ruwan. Daga baya ya sa hannu, ya ce zai ɗauke shi kamar rumbu, ba a buɗewa sai ranar wuya. Har yau ko kwabo bai taɓa ba, yana kuma alfahari da hakan.

Yanzu ya hango kasuwa. Dubban ma'aikata za su shigo gidajen da babu ko tabarma. Ya yi odar katifu tirela biyu daga wani kamfani a can wajenku, da baki kawai, domin dillalinsu ya san shi tun yana ɗan tireda a Kaduna. In kaya sun sauka zai biya, da rancenmu.

Yau da safe umarni ya iso daga hedikwata. Turawan da suka zuba jari a bankin suna son a rufe duk ƙofar da aka shekara ba a taɓa ba, a juya kuɗin ga manyan gine-gine. Sunansa na ciki. Ban gaya masa ba tukuna, zan fara gwada sa'ata.

Ki gaida Inna da maƙwabta.

Mijinki,
Badaruddeen

Garki, Abuja
9 ga Disamba, 1991

Maman Ikrama,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta same ni, na kuma ji daɗin jarrabawar Ikrama. Ki ce masa keken yana nan a raina.

Kin ce in gaya wa Alhaji tun wuri, kin kuma fi ni gaskiya. Na ɓata mako biyu ina rubutu da buga waya. Oga Leonard, shugaban sashen rance, ya saurare ni da mutunci. Amsarsa ita ce mutumin da bai taɓa cin bashi ba, ba a san ko mai biya ba ne. Na ce duk kasuwar Garki za ta shaide shi. Ya yi dariya ya ce in turo masa kasuwar a ambulan. Ban ga laifinsa sosai ba. A asusun Alhaji kusan babu motsi, domin cinikinsa daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Shekara guda ina ganin haka, ban kawo cewa zai cuce shi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na gaya masa. Kayan sun riga sun taso. Ya tambaye ni ko yanzu rashin cin bashi ya zama laifi.

Ya kawo shawarar jinginar da filinsa na Jabi. Na kai maganar sama. Takardar da ke hannunsa ta raba fili ce kawai, satifiket ɗin mallaka bai fito ba, yana ta bin ofis-ofis tun shekarun baya. Banki ya ƙi.

Na ce ya roƙi kamfanin ya ɗaga masa ƙafa. Ya ce dillalin ne ya tsaya masa, in ya saɓa rana, aikin bawan Allah zai tafi. Ba ya tsoron asara, Zaituna matata. Bakinsa yake tsoron ya zama na banza.

Ki sa shi a addu'a.

Naki,
Badaruddeen

Garki, Abuja
2 ga Maris, 1992

Maman Ikrama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Makullin gida ya zo hannuna. Ku fara ɗaure kaya, bayan salla zan zo in ɗauke ku.

Kin yi ta tambayar labarin Alhaji ina kauce wa amsa. Ya biya kamfanin a ranar da ya ce. Filin ya sayar wa wani dillali, a farashin mai gaggawa. Katifun sun ƙare kafin Janairu ta fita, amma ribarsu ba ta kama ƙafar abin da ya rabu da shi ba.

Makon jiya wani fayil ya zo teburina. Wani kamfani ne ke neman rance mai nauyi zai gina otal a Jabi, daga irin kuɗin da aka juya ɗin nan. Da na buɗe taswira na gane wurin, filin Alhaji ne. Satifiket ya fito, sabo fil, da sunan kamfanin. Aikina shi ne in ƙiyasta darajar jinginar. Na ƙiyasta da gaskiya, ta ninka abin da aka ba Alhaji sau da yawa. Takardu sun cika, babu inda zan kama, na sa hannu.

Da yamma na tafi shagonsa, domin ban so ya ji a bakin wani ba. Ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce tun ranar da aka rubuta filin nan ba rabonsa ba ne, ni kuma in daina zuwa masa da fuskar ta'aziyya ina korar masa masu ciniki. Ya tambayi lafiyarki, da ranar zuwanku.

Har na miƙe zan tafi ya kira ni. Ya ce tunda ina da hanya a wurin mutanen, in bincika masa ɗaki nawa otal ɗin zai yi, kuma wa aka ba kwangilar katifu.

Na ce zan tambaya. Gobe zan tambaya.

Sai na zo. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Badaruddeen